Gorar Kiran Damisa

Kwana uku ke nan Marinalva ba ta iya haɗa ido da mahaifinta a wurin cin abinci, alhali ba ta ma aikata abin kunyar ba tukuna. Saƙa shi kawai take yi a ranta, amma saƙar ma ta isa ta hana loma wucewa.

Duk wanda ke zaune a gandun Dona Zulmira ya san zancen, har kajin bayan kicin. Marinalva, 'yar Seu Aparício shugaban mahayan gandun, ta mutu a kan Gilmar, saurayin nan ɗan birni da aka ɗauko shekara biyu da suka wuce don ya riƙa yi wa baƙi tafinta. Baƙin daga ƙasashen sanyi suke zuwa da rani, su biya a ɗora su a doki su shiga fadama, su kalli kada da shuɗin aku, in da rabo su ga damisa. Gilmar ya iya yarensu kamar a can aka yanke masa cibi. Doki ne dai bai iya ba.

Ranar da ya fara hawa, ta hannun dama ya je wa dokin. Kafin ya gyara zama dabbar ta watsar da shi a cikin taɓo, ƙafafu a sama, gaban mata uku 'yan yawon buɗe ido da kyamarorinsu. Donizete, wanda babu kamarsa a hawa a duk yankin, shi ya raɗa masa suna Buhun Rogo, sunan kuwa ya zauna daram.

To wannan Buhun Rogon ne ya wanke rigarsa ya je neman auren 'yar Seu Aparício.

Tsohon bai yi faɗa ba. Yana zaune da mutanensa a inuwar mangwaro, ƙahon shan terere, shayinsu na gargajiya, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu, ya zuƙi ruwan ganyen mai sanyi, ya ce shi bai ga mugun hali a wurin yaron ba. Sai dai jikokinsa a wannan fadamar za a haife su, kuma ba zai bar su a hannun uban da bai iya karanta ƙasa ba.

"Kafin ruwa ya dawo," in ji shi, "ka kai baƙi wurin damisa da kanka. Ba da idona ba, ba da idon Donizete ba. In ka yi, ka dawo mu yi magana."

Gilmar ya ce ya ji, ya kuma yarda. Mutane suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Wata uku ke nan da yin wannan magana. Yanzu hadari ya fara haɗuwa da yamma ta gabas, baƙin ƙarshe na bana jibi za su tafi, kuma Gilmar bai nuna wa kowa ko gashin damisa ba.

Kullum da sassafe zai ɗaura sirdi a tsohuwar goɗiyar nan mai sanyin hali, ya ɓace shi kaɗai, ya dawo kafin baƙi su gama karin kumallo, jikinsa duk kaska, wuyansa duk cizon sauro. In Marinalva ta tambaye shi me ya gani, sai ya yi murmushi ya ce ta dai ƙyale shi. Ita kuwa ta fassara murmushin nan yadda ta ga dama: kunya ce ta mutumin da ya yi ta yawo bai sami komai ba.

Ga Gwaggo Benedita, ƙanwar ubanta mai dafa wa baƙi abinci, ba ta barin kunnenta ya huta. Suna yankan albasa tana yi, suna wanke tukwane tana yi. Wai Donizete yana da shanu talatin nasa na kansa, ya yi rufin kwano, kuma in ya hau doki har tsofaffi leƙowa suke. Wai shekara ashirin da huɗu ga budurwa ba wasa ba ce. Wai shi ɗan birnin nan in ruwa ya cika fadama, kwalekwale ma sai an riƙe masa hannu.

"Ni dai na gaya miki," ta ce, tana share hawayen albasa da gefen zani. "Yaren Turawa ba ya kama saniya."

Shi ma Donizeten ya ƙara yawan ƙishirwar kofi a 'yan kwanakin nan. Sau uku sau huɗu zai leƙo ƙofar kicin, ya jingina da dogari, ya tambaya ko Buhun Rogo ya fara haɗa kayansa, don shi yana da igiya mai kyau da zai ara masa ya ɗaure akwati.

Wannan ne ya sa idon Marinalva ya fara kaiwa ga gorar.

A ɗakin sirdi take rataye, can sama kusa da rufi, ƙura ta rufe ta. Guntuwar gora ce mai tsawon hannu, an fafe cikinta. Da ita Seu Aparício yake kiran damisa a zamanin da yake maharbi: a durƙusa, a kafa bakinta kusa da ƙasa, a yi gurnani daga ciki, sai dabbar ta zo neman wanda ya shigo mata gida. Damisa arba'in da ɗaya ya kashe da gorar nan. Shekarar da matarsa ta rasu ya tsaya gaban gunkin Maryamu ya yi alkawari ya daina, ya rataye ta, bai ƙara sa mata baki ba sai rana ɗaya tak, da ruwa ya tsare su a gida, 'yarsa tana shekara goma sha biyu, ta dame shi da roƙo har ya koya mata. Daga baya ya yi da-na-sani, ya ce kada ya ƙara ganin hannunta a kai.

Dokar gandun ma haka take. Ba a ajiye wa damisa nama, ba a kiranta. Abin da Dona Zulmira ke alfahari da shi ke nan a gaban baƙi, wai a nan abin da ka gani Allah ne ya nuna maka.

Marinalva ta san duk wannan. Amma ta ji da kunnenta Gilmar yana gaya wa uwar ɗakinsu Dona Zulmira cewa gobe zai kai baƙi Kurmin Birai, ƙetaren busasshen tabki, kuma yana so Seu Aparício da Donizete su biyo baya su shaida. Sai ta ga abin a idonta: a je, a zagaya, a dawo hannu wofi, Donizete yana fito.

Ta ce a ranta ai ba wani abu za ta yi ba. Murya ce kawai. In baƙi suka ji gurnani kusa da su, a ce ya kai su. In kuma aka yi dace wani namijin ya amsa ya fito, shi ke nan.

Da gari ya waye ta ce za ta duba kwamin gishirin shanu. Ta naɗe gorar a bargon sirdi, ta hau akawalinta ta yanki ta bayan shinge. Ta ɗaure dokin nesa, ta cire takalmi, ta bi ta cikin ɗan ruwan da ya rage don kada ta bar sawu. 'Yar ubanta ce, wannan kam ba a koya mata. Ta sami gindin wata itaciya a gefen kurmin, inda iska ba za ta kai warinta ga dawaki ba, ta durƙusa.

Ba a daɗe ba ta hango su. Dawaki takwas a jere, Gilmar a gaba, baƙi biyar da manyan huluna a tsakiya, ubanta da Donizete can baya. Abin da ya ɗan ba ta mamaki, Gilmar ba ya waige-waige irin na mai lalube. Kai tsaye ya nufi wata kusurwa ta kurmin, ya ɗaga hannu, kowa ya ja linzami. Ya sauka a hankali, ya sa yatsa a baki, ya fara nuna wani wuri a gaba.

Ita kuwa ta ce a ranta, kaico, har ya fara yi musu wasan kwaikwayo don ya rufa wa kansa asiri.

Ta kafa gorar a ƙasa, ta ja numfashi, ta saki gurnanin namiji. Ɗaya, biyu, uku, sannan gajeru a jere kamar ana zarto a busasshen icce.

Kurmin ya yi tsit. Dawaki suka miƙe kunnuwa suna ja da baya. Wata tsohuwar Bajamushiya mai suna Dona Ilse, wadda ta ce shekara goma tana tara niyyar wannan tafiya, ta ɗaga wayarta sama tana naɗar muryar, hawaye na bin kumatunta. Sauran suka riƙe hannun juna.

A ɗaya gefen kurmin aka ji ganye ya motsa, sannan wani abu mai nauyi ya faɗa ruwa. Marinalva ba ta kula ba. Fuskar Gilmar take kallo, tana jira ta ga farin ciki.

Ba ta gani ba. Hannunsa da ke nuni ya sauko a hankali, ya tsaya kamar wanda aka yi wa saƙon mutuwa. Can baya kuma ubanta ya cire hularsa, ya dubi cikin hular, ya mayar da ita kansa.

Nan ta sha jinin jikinta.

Ta riga kowa isowa gida. Ta mayar da gorar mazauninta, har ta ɗebi ƙura ta barbaɗa mata, ta wanke ƙafa ta shiga kicin ta kama tankaɗen garin rogo kamar tun safe take wurin. Gwaggo Benedita ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi jiƙaƙƙen bakin wandonta, ta ci gaba da aikinta.

Da rana aka shimfiɗa dogon teburi a inuwar mangwaro. Shinkafa da busasshen nama, dafaffen rogo, wake. Baƙi sai murna suke, suna bubbuga kafaɗar Gilmar, Dona Ilse ta kunna muryar a wayarta ya fi sau biyar, har Dona Zulmira ta fito da kanta ta saurara tana gyaɗa kai. Gilmar dai yana zaune, cokalinsa a bushe.

Seu Aparício da Donizete sun tsaya a baya ba su biyo baƙi ba, sai da aka fara ci suka iso. Tsohon bai wanke hannu ba, bai zauna ba. Ya tsaya a bakin teburin ya ce wa Gilmar ya tashi, akwai maganar da zai juya wa baƙi.

"Faɗa musu da yarensu, kada ka rage komai. Abin da suka ji yau ba damisa ba ce. Mutum ne ya busa gora."

Gilmar ya miƙe. Aikinsa ke nan, da bakinsa zai faɗa. Ya faɗa kuwa, kalma bayan kalma, muryarsa ba ta rawa. Marinalva tana tsaye da kwanon shinkafa a hannu, ba ta jin yaren, amma ta ga yadda murmushin ya riƙa mutuwa a fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Dona Ilse ta dubi wayarta, ta kife ta a kan teburi, ta ɗora hannu biyu a kai. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

Tsohon ya ce gorarsa ce, ya san muryarta ko cikin dubu, don ta tsage a baki tana ɗan shaƙewa a ƙarshen gurnani. Ya ce shekara talatin ana gaskata maganarsa a fadamar nan, yau an sa ya zama shugaban 'yan damfara. Sannan ya juya ga Gilmar ya tambaye shi wa ya busa.

"Ni na shirya abin, ranka ya daɗe."

"Ban tambaye ka wa ya shirya ba."

"Ni na sa aka yi. Wanda na sa ba shi da laifi, ba zan kama sunansa ba."

Donizete ya saki dariya, ya ce ashe Buhun Rogo ba a doki kaɗai ya iya faɗuwa ba. Dona Zulmira fuskarta ta yi ja. Ta ce ita ba ta ajiye maƙaryaci a gandunta, motar da za ta kwashi baƙi gobe ta haɗa da shi.

Gilmar ya ce to. Ko sau ɗaya bai dubi inda Marinalva take ba, kuma rashin kallon nan ne ya gaya mata ya sani.

Sai ta ji yatsu sun damƙe mata tsintsiyar hannu. Gwaggo Benedita ce ta matso da sunan karɓar kwano, tana magana ta gefen baki.

"Rufe bakinki, 'yar nan. Shi namiji ne, ya koma birninsu a manta. Ke a nan za ki tsufa. Kika buɗe baki, har jikokinki sai an yi musu gori."

Gaskiya kuwa ta yi shiru. Ni ba zan gyara mata ba, ta yi shiru, har Gilmar ya ture kujerarsa, ya nemi gafarar baƙi, ya juya ya yi taku biyar ko shida. Tana kallon bayan wuyansa, inda sauro ya yi wa kaca-kaca. Sannan ta zare hannunta, ta ajiye kwanon.

"Baba, ni ce." Muryar da ƙyar ta fito, sai da ta maimaita. "Ni na ɗauki gorar. Bai sa ni ba, bai ma san na fita ba."

Gwaggo Benedita ta dafe kai ta zauna a kan bokiti. Baƙi suna ta kallon bakin wannan da na wancan, babu mai juya musu.

Seu Aparício ya daɗe yana duban 'yarsa.

"Na sani," ya ce. "Mutum biyu ne suka iya busa gorar nan, ni kuwa ina kan doki. Tsayawa na yi in ga iya nisan da za ki bari ya yi da kayanki a kansa. Taku shida na ƙirga."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Marinalva ta gode mata. Ta rufe fuska da gefen rigarta. Ta ɗauka an gama, ashe ba a fara ba.

Tsohon ya ce bayan baƙi sun juyo, shi da Donizete sun sauka sun je daidai inda Gilmar yake nunawa. Taku talatin a gaba, ƙarƙashin wani kututture, sun tarar da makwanci, ciyawar ko hucewa ba ta yi ba. Sawun uwa, da ƙananan sawu na 'ya'ya biyu. Ya ce yaron nan ya samo damisa mai jego, abin da shi kansa rabonsa da gani shekara shida, kuma daga yadda tsofaffin sawun goɗiyarsa suke zagaye wurin daga nesa, ya yi makonni yana bin ta ba tare da ya tsorata ta ba.

"Ke kuma kika busa mata namiji. Me namiji yake yi wa 'ya'yan da ba nasa ba?"

"Kashe su yake," ta ce cikin kuka.

"To ta ji shi a ƙofar ɗakinta. Ta ɗauki ɗaya a baki ta faɗa ruwa. Ɗayan sawunsa ya bi ta har bakin ruwa. Ruwan nan kuma kin san abin da ke cikinsa."

Kada ne a ciki, jibge-jibge, tun da rani ya matse su wuri ɗaya. Kowa ya sani.

Daga nan tsohon ya waiwaya ga Donizete, ya ce shi ma ya ga makwancin da idonsa, ya san yaron ya ci, amma ya zo nan ya buɗe baki yana dariya. Ya ce dariyar ta ishe shi sanin wanda yake ba wa kofi a gidansa. Donizete ya ja hularsa ta rufe masa ido, ya sulale ta bayan mangwaro, ko abincinsa bai waiwaya ba. Dona Zulmira ma ta rasa inda za ta sa idonta, sai gyaran cokula take a teburi.

"Sharaɗi na gindaya, an cika," in ji Seu Aparício, yana magana da bayan Gilmar, wanda har yanzu bai juyo ba. "Ni ba ni da sauran magana. Na ba ka ita, in har yanzu kana so."

In har yanzu kana so. Wata uku Marinalva tana roƙon Allah ta ji ubanta ya ce ya bayar, yau ga shi ta ji, da wutsiyar da ta fi mari ciwo.

Gilmar ya juyo ya gode wa tsohon. Ya tsaya ya juya wa baƙi duk abin da aka ce, har da wanda ba a sa shi ba, don Dona Ilse ta riƙe masa hannu tana tambaya. Da ta ji zancen 'ya'yan, sai ta dubi Marinalva, kallo ɗaya, ta kau da kai. Shi kuwa ya wuce wajen turken dawaki.

La'asar ta yi kafin Marinalva ta iya ɗaga ƙafa ta bi shi. Ta same shi yana ɗora wa goɗiyar sirdi, ya rataya gorar ruwa da adda. Ta tsaya a bakin shinge, idanunta sun kumbura.

"Gilmar."

Ya ce yana ji.

Ta ce ya zage ta, ya fi mata wannan shirun. Ta ce tsoro ne ya sa ta, ta ga kwana ya ƙare, ta ga Donizete yana ta zarya, Gwaggo ta hana ta sakat, ba ta iya tunanin ranar da mota za ta tafi da shi ba. Ta ce don shi ta yi. Tana faɗa tana shessheƙa, har goɗiyar ta juyo tana kallonta.

"Na san don ni kika yi, Nalva," ya ce. "Shi ne abin da ya fi ci mini rai."

"Me ya sa ba ka gaya mini ka same ta ba? Kalma ɗaya da ta isa."

"So nake ki ji tare da kowa. So nake sau ɗaya in ga kin dube ni yadda kike duban babanki in ya tsuguna a kan sawu." Ya gyara bargon sirdin. "Da babanki ya ce ban iya ba, ban ji haushi ba, bai san ni ba. Da suke ce mini Buhun Rogo ma dariya nake taya su, ai na faɗi ɗin. Amma kullum da safe in na fita, kaska na cina, cewa nake akwai mutum ɗaya a gandun nan da ta yarda zan iya. Ashe babu."

"Na yarda da kai."

"Kin so ni. Wannan ban musa ba. Ke kike zaɓar mini dokin da ba ya tutsu, ke kike riga ni buɗe ƙofar shinge don kada a ga ina fama, in baƙo ya tambayi sunan tsuntsu ke kike raɗa mini ta baya, ko da na sani. Ina gani ina yin shiru. Na ce ranar da na kawo damisa za ki daina."

Ta zame ta durƙusa a gindin shingen, ta ce ya yafe mata, ta tuba, ko me ya ce za ta yi. In ya ce ta je ta durƙusa wa baƙin ɗaya bayan ɗaya za ta je. Ya ce wannan tsakaninta da su ne, kuma ya kamata. Ya ce ta tashi, ƙasar akwai tururuwa.

Ta tambaye shi ina za shi da rana ta yi sanyi haka.

Ya ce ƙetaren ruwan zai zagaya, ya ga inda uwar ta fita. Mako biyar yana kallon 'ya'yan nan daga nesa, tun ba su iya tafiya sosai ba. Ƙaramin ne yake yawan tsayawa a baya. Yana so ya ga ko sawu biyu ne suka hau tudu, ko ɗaya.

Ta miƙe da sauri ta ce bari ta kamo akawalinta, ta san wata gajeriyar hanya, kuma ido biyu...

Sai ta ji abin da bakinta ke faɗa, ta yi shiru. Kunya ta sake rufe ta tun daga kai.

"Ni kaɗai zan je," ya ce, ba da faɗa ba. "In na ga biyu, zan dawo mu zauna mu yi magana, ni da ke, ba babanki. In na ga ɗaya..."

Bai ƙarasa ba. Ya sa ƙafa a likkafa ya hau.

A nan idonta ya sauka a kan majayin sirdin. Goɗiyar ta yi halin nata na tsofaffin dawaki, ta kumbura ciki lokacin da ake ɗaurewa, yanzu ta saki, majayin ya yi sako-sako har hannu zai shige. In ya shiga taɓo da shi haka, sirdin juyawa zai yi.

Hannunta ya tashi da kansa, bakinta ya buɗe. Ta kama hannun da ɗayan ta matse shi a ƙirji, ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini.

Ya kaɗa linzami ya tafi. Tana tsaye tana ƙirga takun goɗiyar, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ya wuce rijiya. Ya wuce kwamin gishiri. Sai da ya kai ƙofar shingen ƙarshe, inda fadama ta fara, ya tsaya, ya ɗan jijjiga a kan sirdin, ya sauko. Ya sa gwiwa a cikin goɗiyar, ya ja majayin ya ɗaure tam, ya buɗe ƙofar, ya ja dabbar ya fita, ya rufe, ya hau.

Bai waiwayo ba. Ita kuma ba ta bar bakin shingen ba.